Iskar da ke shan man motarka

Jama'a masu sauraronmu a Augie da Bayawa da Tiggi da Birnin Tudu, da na Argungu da Birnin Kebbi, da duk inda muryar nan ta kai, ga shirinmu na faɗakarwa. Yau da direbobi nake, da iyayen gidansu masu motocin haya, da yaran mota, da masu walda da kafintocin bodi. Manomin da ke biyan kuɗin dakon shinkafarsa ma kada ya kashe rediyo, domin a ƙarshe daga aljihunsa kuɗin man ke fita.

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Daga nan babu tashar da za ka zauna ba ka ji ana kukan mota na shan mai ba. Wannan ya canza fulogi, wancan ya kai an wanke masa nozul, wani ya sa bakanike ya rage masa silo har motar tana mutuwa a kowace kwana. Duk wannan a cikin inji ake nema. Akwai wani mai shan man kuma a waje, wanda ba a kai shi gareji saboda ido ba ya ganinsa, wato iskar da motar ke turewa.

Duk wanda ya taɓa fito da tafin hannunsa ta taga mota tana gudu ya san iska tana da ƙarfi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne tana da nauyi. In ka sami akwati mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, zurfin mita 1, iskar da ke cikinsa ta ɗan haura kilo 1. To ɗauki bas mai dogon rufi, irin wadda muke kira homa. Fuskarta ta kusa mita 2 a faɗi, mita 2 a tsaye. In ta yi tafiyar kilomita 100, wato kusan nisan Argungu zuwa Sakkwato, iskar da za ta kawar daga gabanta ta haura tan 400. Tirela mai buhu 600 tan 30 take ɗauka. Ke nan lodin tirela 13 da ɗoriya bas ɗin nan ta ture gefe kafin ta isa, kuma da man direba ta ture shi.

Ga inda lissafin ya yi zafi. Turjiyar iska ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, gaba take yi masa. In ka ninka gudu sau 2, turjiyar sau 4 take ninkuwa. Daga gudun 60 zuwa 120 sau 4 ke nan. Daga 80 zuwa 100, wanda a ƙafar direba ɗan ƙarin totur ne kawai, turjiyar ta ƙaru da kashi 56 cikin 100. Sannan iskar gari ma tana shiga lissafin. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, mai zuwa Sakkwato daga Argungu kuwa kusan can ya dosa. In agogon motarka ya nuna 80, iska kuma tana tahowa da gudun 20 ta gabanka, to a wurin jikin motar 100 kake yi. Shi ya sa wani direba zai ce maka man da ya kai shi ya fi wanda ya dawo da shi, alhali hanya ɗaya ce, lodi ɗaya.

Bari in tsaya nan in raba zance, kada wani ya je ya kashe kuɗinsa a banza. Malam direba, in aikinka shi ne kwaso shanshera daga fadama zuwa kasuwa, cikin yashi da gargada, giya ta biyu da ta uku, gudun 30 ko 40, to iska ba ita ce matsalarka ba. Nauyin kaya ne da yashi da iskar taya ke cin manka, can za ka duba. Zancen yau na wanda ya hau kwalta ne, mai zuwa Birnin Kebbi da Jega, mai kai kaya Sakkwato, mai nausawa kudu ta Yawuri da Kwantagora. Da zarar ƙaramar mota ta kai gudun 80 zuwa 90, kusan rabin ƙarfin da ke isa ga tayoyinta, ko fiye, wajen ture iska yake tafiya.

Mutanen ƙasar Kabi ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan tasirin siffar mota, domin iyayenmu Sarkawa sun daɗe da saninsa a ruwa. Je bakin gulbi ka dubi jirgin da masunci ke tuƙawa. Gabansa siriri ne, ya tsaga ruwa. Amma dubi bayansa, shi ma a tsuke yake. Me ya kawo tsukewa a baya, inda ba ruwan da za a tsaga? Saboda ruwan da aka raba a gaba sai ya koma ya haɗe, in kuwa bayan jirgin a datse yake kamar an sare shi da gatari, ruwan ba ya samun hanyar haɗuwa a hankali, sai ya yi ta juyi yana tafasa a bayan jirgin, juyin nan kuma riƙe jirgin yake yi. Iska haka take yi wa mota. A gaba tana tokare ta, a baya tana janyo ta. A motoci masu siffar akwati, janyowar bayan nan babban kaso ce ta dukan wahalar.

Shaidar tana jikin motarka. In Sharan ta dawo daga hanyar ƙauye, zagaya ka duba. Gilashin gaba da ɗan dama, ƙofofi sun yi ƙura kaɗan, amma gilashin baya da murfin but sun yi jawur, har yara na rubuta suna da yatsa. Ai ƙurar a ƙarƙashin tayoyi ta tashi, kamata ya yi a bar ta a baya. Abin da ya dawo da ita ta manne shi ne juyin iskar da ke bin motar duk inda ta nufa.

Masana sun daɗe a kan wannan. A 1921 wani injiniya mai suna Edmund Rumpler ya nuna wata mota a Balin ta ƙasar Jamus, mai siffar ɗigon ruwa in ka leƙo ta daga sama. Akwai ma'aunin da ake gwada santsin siffar mota da shi, ƙanƙantar lambar ita ce kyawunta. Da kamfanin Volkswagen ya gwada motar Rumpler a 1979, sai ta ba da 0.28, lambar da motocin zamani da yawa ke alfahari da ita. Ita kanta bas ɗin Volkswagen, kombi, wadda dattawan direbobinmu suka sani, samfurinta na farko 0.75 ya bayar. Aka kai shi ɗakin gwajin iska na jami'ar Braunschweig, aka lanƙwasa fuskar, aka gyara kusurwoyi, sai lambar ta sauko 0.44 kafin a fara sayar da ita a 1950. Ba inji aka taɓa ba, siffa ce kawai.

Amma labarin da na fi so in ba masu waldarmu shi ne na Amurka. A 1973, shekarar da ƙasashen Larabawa suka rufe wa Amurka famfon mai har layuka suka cika gidajen mai, akwai wani injiniya, Edwin Saltzman, da ke aiki a cibiyar gwajin jiragen sama, wadda daga baya aka raɗa wa suna Dryden, a jihar Kalifoniya, ƙarƙashin hukumar NASA. A keke yake zuwa aiki. Ya lura duk sanda tirela ta zo wuce shi, sai iskar gabanta ta ingiza shi gefen hanya, in ta wuce kuma iskar bayanta ta fizgo shi tsakiya. Masu kabu-kabu, kun san wannan fizgar. Shi sai ya ce abin da ke iya jijjiga mutum haka ba ƙaramin mai yake ci ba.

Abin da suka yi ba ya fi ƙarfin gareji a Argungu ba. Sun ɗauko wata tsohuwar bas ƙirar Ford, suka lulluɓe ta da fallayen alminiyom ta koma akwati sak, mai kusurwoyi masu kaifi, har suna kiranta kwalin takalmi. Suka gwada ta. Sannan suka kankare kusurwoyin gaba suka mai da su masu lanƙwasa, suka sake gwadawa. Turjiyar iska ta ragu da kashi 52 cikin 100. Suka shafe ƙarƙashin motar da fallaye, ta ƙara raguwa da kashi 7. Suka ƙiyasta cewa a gudun babbar hanya wannan zai iya rage shan mai da kashi 15 zuwa 25. Hular nan da kuke gani a kan tirelolin DAF da MAN da ake shigowa da su, mai gangarowa daga saman kwantena zuwa gilashi, irin wannan bincike ne ya haife ta. A can har yau masu motocin da aka mayar ɗakin kwana, masu gado da wurin girki da makewayi a ciki, waɗanda iyali ke yawon hutu da su, suna ƙera irin waɗannan abubuwa a bayan gida da katako da roba, saboda motocin nasu akwatuna ne masu shan mai kamar ba gobe. Mu ba mu da waɗannan motoci, amma muna da homa da kanta da roka, kuma duk akwatuna ne.

To mu dawo tasharmu. Kafin a je wurin mai walda, gyaran da ya fi kowane girma a hannun yaron mota yake, wato yadda ake ɗaura kaya.

Kun san yadda ake lodi ranar kasuwa. Buhunan shinkafa a kan kariya, a kansu katifa a naɗe, a kanta jarkoki, a gefe keke ko babur a kwance, can gaba kuma kwandon kaji yana fuskantar hanya. Tulin nan in ya kai mita 1 a tsaye, mita 1 da rabi a faɗi, ya ƙara wa fuskar bas fiye da kashi ɗaya cikin uku. Kuma ƙarin ba mai santsi ba ne, kowane kunnen buhu da kowace jarka tana kama iska. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta fitar da alƙaluma a kan akwatin kaya na saman rufi: a cikin gari yana rage nisan da lita ke kai mota da kashi 2 zuwa 8 cikin 100, a babbar hanya 6 zuwa 17, a gudun da ya haura 100 kuma kashi 10 zuwa 25. Wannan fa akwatin kamfani ne, ba tulin da muke yi da igiya ba. In aka maƙala kayan a bayan motar kuwa, asarar ba ta wuce kashi 1 zuwa 5. Ko kariyar da ba komai a kanta tana da nata ci, don haka wanda ba kullum yake lodin sama ba, ya kwance ta ya ajiye.

Na san direba ba zai bar kuɗin kaya a ƙasa don na yi magana a rediyo ba, kuma ban ce ya bari ba. Abin da nake cewa shi ne a sauya tsarin ɗaurin. Duk mai nauyi ya shiga ciki, ƙasa, tsakanin tayoyi. Abin da dole ya hau sama a shimfiɗe shi, kada a tsayar. Kada tulin ya fara daga bakin gilashin gaba, a ja shi baya kaɗan, jerin farko ya zama gajere, na biyu ya ɗan fi shi, tsakiya ta fi tudu, sannan ya sake gangarowa ta baya. Kada komai ya leƙo ta gefe ya wuce faɗin motar. Sai a rufe da tamfol, a cusa bakinsa na gaba a ƙarƙashin kayan yadda iska ba za ta sami ƙofar shiga ba, a ja igiya tamau. Tamfol ɗin da ke kumbura yana faf-faf a hanya gara babu shi, don buhun kama iska ya zama, kuma kafin wata biyu ya yage. Wannan duka bai ci ko sisi ba sai minti 10 na yaron mota. Ga ƙarin riba: motar da kayanta ke ƙasa ba ta saurin kifewa a kwana, ba kuma ta tangaɗi in tirela ta gifta.

Akwai wata al'ada da nake roƙon a dube ta da kyau, ta barin but a buɗe, a tura kaya su fito waje, a ɗaure murfin da igiya. Masu Golf da Sharan sun fi yin haka. Ta fuskar iska kawai, kaya a baya sun fi kaya a sama sauƙi, gaskiya ne. Amma ku tuna juyin nan da ke manna ƙura a gilashin baya. Shi ne dai zai ɗebo hayaƙin salansa ya turo shi cikin motar ta ƙofar da aka bari a buɗe. A cikin hayaƙin nan akwai guba marar wari marar launi, mai sa ciwon kai da jiri da gyangyaɗi. Fasinjan kujerar baya da ya sauka yana cewa kansa na sarawa, ba lallai rana ce ta buge shi ba. In direba ne gyangyaɗin ya kama, sai dai mu ce Allah ya kiyaye. Sannan nauyin da ya rataya a bayan tayoyin baya yana ɗaga gaban mota, sitiyari ya yi sakayau, fitila ta koma haska sama.

Yanzu masu kanta da roka, ku ne wannan aiki zai fi yi wa rana, don motocinku ne suka fi kama da kwalin takalmin nan. Tsaya a gaban kanta mai dogon bodi ka duba. Kan motar ya ƙare, sai ga allon bodi ya miƙe sama da shi, wani lokaci da mita guda, a tsaye ƙyam kamar bango. Iskar da ta haye gilashi da wannan bangon take karo. Maganinsa hula ce: falle na ƙarfe marar nauyi ko alminiyom, ya tashi daga gaban rufin kan motar, ya hau a gangare har ya daidaita da saman bodin, gefunansa a lanƙwashe. Ƙa'idarta ɗaya, bakin hular na sama ya yi daidai da tsayin bodi ko na kayan da aka saba ɗauka. In ta gaza, iska ta ci gaba da dukan bangon. In ta zarce, ka ƙara wa motarka fuska da kuɗinka. Motar da bayanta a shimfiɗe yake, mai ɗaukar rodi ko siminti jeri kaɗan, ba ta bukatar hula sam. Malam mai walda, ka ɗaure ta da noti a kan ƙarfe mai ƙwari, kada ka ɗiga mata walda biyu ka ce ta zauna. Abin da ya ɓalle daga saman mota a gudun 80, kan mai babur ɗin da ke biye zai sauka.

Kafintan bodi kuma, in za ka haɗa sabo, kusurwoyin gaba biyu da na sama kada ka bar su da kaifi. Ba sai ka yi musu tsini ba, 'yar lanƙwasa ta wadatar, kuma ita ce ta ba mutanen Dryden mafi yawan ribarsu. Ratar da ke tsakanin kai da bodi a matse ta gwargwadon yadda ba za su gogi juna ba. In motar za ta dawo ba kaya, a ja tamfol a rufe saman bodin tamau, domin bodin da ke buɗe iska yake kamfata da allon baya. Sai dai wanda ke ɗaukar shanu da tumaki, ko albasar Aliero, wannan shawarar rufewa ba tasa ba ce. Dabba da albasa iska suke so, kuma asarar sa guda ta fi man shekara.

Masu a-kori-kura, wasunku na kwantar da ƙofar baya ko su cire ta, wai iska ta wuce. Gwaje-gwaje sun nuna ba haka abin yake ba. In ƙofar na rufe, wata iska takan zauna a cikin bayan motar tana juyawa a hankali, sai ta saman ta bi ta kanta ta wuce sumul. Ka bar ƙofarka a rufe. In kana son ƙari, shimfiɗa murfi a kan bayan.

Wutsiya ita ce gyaran da ya fi burge masu ƙere-ƙere, wato a ƙara wa bayan mota fallaye masu tsukewa ciki. Tana aiki in an bi ƙa'ida, kuma ƙa'idar ita ce sassauci: a kowace ƙafa 5 ta tsawo, tsukewar kada ta wuce kamar ƙafa 1. In ta fi haka kaifi, iskar ta saki jikin fallen, aikin ya tashi a banza. Ba dole ta ƙare da tsini ba, wani Bajamushe, Wunibald Kamm, ya nuna tun shekarun 1930 cewa in aka fara tsukewar aka datse ta a hanya, an sami mafi yawan amfanin. Amma a ra'ayina, ga motar haya da ake buɗe bayanta sau 20 a yini, ana ja da baya a cikin cunkoson kasuwa, wutsiya wahala ce. Ga ta kuma tana iya rufe fitilun baya da lamba, ka sayi rigima da jami'an hanya. Wanda ke da motar dogon zango mai rufaffen bodi shi ne zai iya tunaninta.

Matasanmu masu waya za su ga bidiyoyin Turawa suna wasu dabarun, to a yi hattara, ƙasarsu daban da tamu. Suna toshe ragar gaban mota don iska ta bi ta gefe. Su ƙanƙara ke zuba musu. Mu nan a watan Afrilu zafi na haura digiri 40, wanda ya toshe wa lagireto iska zai ƙone gasket kafin ya kai Birnin Kebbi, garin neman ƙiba ya samo rama. Suna shafe ƙarƙashin mota da falle. A kan hanyoyinmu dutse zai yage shi, laka ta cika shi da damina, da rani kuma ya tara ciyawa da ƙaiƙayi kusa da salansa mai zafi. Suna sassauke mota ta kusa taɓa ƙasa, suna cire madubin gefe. Na farko gargada za ta ba ka amsa, na biyu kuwa ganganci ne da rai. Fiffiken nan da samari ke ɗaurawa a bayan ƙananan motoci, da jerin fitilu da ƙahonni da ƙarafan ado a kan rufi, yawancinsu ƙara turjiya suke yi. Mai so don kwalliya ya sa, amma ya san yana biyan kuɗinta a gidan mai. Mafi muni shi ne liƙe wa tirela a baya don ta tsaga maka iska. Man da za ka rage bai kai kuɗin fitila ɗaya ba, kuma ranar da ta taka birki ba za ka ga abin da ta gani ba.

Duk gyaran da ka yi, kada ka yarda da shi sai ka gwada, gani ya kori ji. Gwaji na farko da zare ake yi. Sami zaren saƙa mai kauri, ka yayyanka shi kamar tsawon yatsa, ka manna da salatif jeri-jeri a kan hular ko rufin ko gefen bodin. A sami hanya miƙaƙƙiya da ba cunkoso, wani a wata motar, wanda ba shi ke tuƙi ba, ya ɗauki bidiyo da waya. Inda zaren ya kwanta lif yana kallon baya, iska na bin jiki lafiya. Inda yake rawa, ko ya juyo yana kallon gaba, nan iska ta saki, nan ne wurin gyara. Gwaji na biyu na tanki ne. Cika shi fal a famfo ɗaya, rubuta lambar kilomita, yi zuwa da dawowa, ka koma famfon nan ka sake cikawa, ka rubuta litar da ta shiga. Dole a haɗa zuwa da dawowa saboda iskar gari. Kuma tafiya ɗaya ba ta isa hukunci, a maimaita sau da yawa da lodi mai kama da juna da gudu iri ɗaya, kafin gyara da bayansa. A tabbata iskar taya daidai take a duk gwajin, don tayar da ta yi sanyi ita ma tana da nata kason.

Mu ɗauka motarka na shan lita 30 a yini. In ɗaurin kaya da hula da sassauta ƙafa suka rage maka kashi 10 cikin 100, lita 3 ke nan kullum. A kwana 26 na aiki lita 78. Kowa ya buga da farashin gidan man garinsu.

Na ambaci sassauta ƙafa, kuma ita ce ta fi duk abin da mai walda zai ƙera maka. Amurka da kanta, da matsalar mai ta kama ta, a 1974 doka ta kafa cewa kada a wuce mil 55 a awa, wato ƙasa kaɗan da kilomita 90. Mu ma hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu tun Fabrairun 2017, direbobi da yawa kuma suka ɗauke ta a matsayin takura. A tafiyar kilomita 100, mai gudun 100 zai yi awa 1, mai gudun 80 zai yi awa 1 da minti 15. Minti 15 ɗin nan sau da yawa a layin tasha za ka zauna ka cinye su kana jiran a zo kanka. Wata dabarar da ba na so a yi ita ce kashe inji a gangara don tsimin mai. A yawancin motocin yanzu, inji na mutuwa birki ya yi tauri, sitiyari ya ƙage.

Roƙona na ƙarshe ga shugabannin ƙungiyar direbobi na tashoshin Augie da Argungu ne, ranku ya daɗe. Ku ne kuke da ikon cewa ga yadda za a yi lodi a tasharku. Ku zaɓi motoci biyu iri ɗaya masu bin hanya ɗaya, ɗaya a ɗaure mata kaya yadda aka saba, ɗayar a ɗaure yadda muka faɗa yau, direbanta kuma kada ya wuce 80. A yi wata guda ana rubuta lita a littafi, sannan a karanta wa 'yan ƙungiya sakamakon a taro. In kun yi, ku aiko mana da abin da kuka samu mu karanta wa sauran masu sauraro, ko ya gaskata mu ko ya ƙaryata mu. Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.